Motar da Injinta Ya Buga

Wata takwas ke nan motar marigayi tana kwance a gareji, in ji ƙaninsa. Malama ba ta taɓa ganin garejin ba. Abin da ta sani, mako biyu da rasuwar mijinta ƙanin ya karɓi makulli don a duba wata ƙara da shi kaɗai ya ji. Tun daga ranar take bin bas zuwa makarantar da take koyarwa, littattafan ɗalibai arba'in a cinya, alhali sunanta ne a takardun motar.

A dangi Injiniya ake kiran ƙanin. Bai yi karatun ba, amma babu abin da ba shi da bayaninsa.

"Matar yaya, injin ne ya buga," yakan ce. "Sai an kawo kaya daga waje."

"A ƙafa kayan suke tahowa?"

"Ke dai ki yi haƙuri. Ni nake shan wahalar."

Ran nan ta dawo ta tarar da ambulan mai kauri a ƙarƙashin ƙofa. Daga hukumar babbar hanya. Takardar ta ce motarta ta wuce shingen biyan kuɗi sau goma sha ɗaya ba a biya ba, ga tara, ga hotuna don kada a yi musu. Ta zauna a bakin gado da takalmi a ƙafa. A kowane hoto motar tana manne da bayan tirela kamar kaska. Dabarar Injiniya ce, ya sha yin alfahari da ita: idan sandar shinge ta ɗaga wa babbar mota, sai ka bi ta a guje kafin ta sauko. Bai taɓa ɗaga kai ya ga kyamara ba. Ga shi nan, gwiwar hannu a taga, fasinja huɗu a baya, buhuna a sama.

Ba ta kira shi ba. Shekara ashirin a aji ta koya mata cewa ɗalibi mai ƙarya ba a katse shi.

Ranar Asabar da yamma suka haɗu a falon Yaya Babba, wan marigayi, ƙarƙashin fankar da ke juyi tana kuka ba iska. Bayan gaisuwa ta juya.

"Injiniya, yaya jikin motar?"

"Da sauƙi dai. Amma ko tashi ba ta yi."

"Ko kaɗan?"

"Jiya ma na je. Tayoyin duk sun sace, abin tausayi."

Ta ture kofunan shayi, ta jera hotunan a tebur ɗaya bayan ɗaya, kwanan wata bisa kwanan wata, yadda take raba sakamakon jarrabawa. Yaya Babba ya sa tabarau. Ya daɗe yana kallo.

"Marar lafiyar nan tana da ƙoƙari," ya ce.

"Gwaji ne, Yaya. Bakanike ya ce a riƙa motsa ta."

"Da buhuna?" in ji Malama.

"Don a ji nauyi."

"Su kuma waɗannan huɗun na baya, masu jinya ne?"

Yaya Babba ya kusanto da hoto na bakwai dab da hancinsa. "Wannan hular ba tawa ba ce? Wadda ka ce mai wanki ya ɓatar?"

Nan bayani ya ƙare wa Injiniya, karo na farko a tarihin dangin. Yaya Babba, wanda wata takwas yake ce wa Malama abin na buƙatar hikima, ya yanke hukunci cikin minti ɗaya: makulli a tebur yanzu, tara a wuyan mai gwaji, hula kafin magariba. Makullin ma ba nisa ya yi ba. Yana aljihu, motar tana bayan layi, injin da ɗuminsa.

Ranar Litinin Malama ta bi babbar hanya, ko da yake ba ita ce mafi kusa da makaranta ba. A shingen ta bar tazara mai kyau tsakaninta da tirelar gabanta. Ta sauke gilashi, ta miƙa kuɗi.

"Kina son rasit?" mai karɓa ta tambaya.

"Ba ni, ƙanwata. Ina ganin darajar takarda."

Sandar ta ɗaga mata ita kaɗai. Ta gyara madubi, wanda har yanzu yake daidai da tsayin wani, ta wuce a hankali.