Kwana Goma Sha Tara

"Sake faɗi, kunnena bai ji da kyau ba. Kwana nawa?"

"Goma sha tara," in ji Dewey Sizemore. Ya naɗe wasiƙar ya cusa a aljihun wando kamar takardar banza.

Vernon Tackett ya ji gahawar da ke bakinsa ta koma maɗaci. Shi wata ashirin da tara ke nan yana bin kuɗin nakasa na gwamnati, tun ranar da dutse ya rufto masa a ramin kwal ya murƙushe masa ƙashin baya. Ya cika takardu, aka ƙi. Ya nemi a sake dubawa, aka yi wata bakwai sannan aka sake ƙi. Yanzu yana layin ganin alƙali, layin da ba ya motsi. Ga maƙwabcinsa, wanda suka shekara ashirin suna shiga rami ɗaya, ya nema jiya-jiya har an amince masa.

"Wane lauya ka kama?"

"Ban kama kowa ba."

"To wa ka sani a ofishin?"

"Haba Vernon, ni da ko sunan gwamnanmu sai na tambayi matata Opal?"

"Ciwon me ka rubuta musu?"

"Ciki ne ke ɗan damuna."

"Ciki!" Vernon ya buga sandarsa a katakon baranda. "Ni da ƙarfe huɗu a gadon baya an ce in je in nemi aikin zaune, in riƙa naɗe tawul. Kai wake ya ɓata maka ciki an ba ka. Mutumina, faɗa min dabarar, ba wanda zai ji."

"Sa'a ce kawai, tsoho. Sha gahawarka kafin ta huce."

Vernon bai sha ba. Ya tsallaka titi ya koma gida, kuma daga ranar bai sake hawa barandar nan ba.

Duk wanda ke jiran alƙali a wannan kwari ya san doka ɗaya, lauyar Vernon ma ta nanata masa: kada a gan ka ɗauke da komai. Ko buhun abincin kare, ko jikanka. Hoto ɗaya ya isa ya rusa wahalar shekara uku. Saboda haka matarsa Maxine ce ke shigo da kayan cefane bayan ta wuni a tsaye a kanti, shi kuwa yana bayan labule, ciyawar ƙofar gidansa ta kai gwiwa.

Daga bayan labulen yake kallon Dewey. A watan Yuli Dewey ya hau tsani ya sauya kwanon rufin gidansa. Ya shafe shinge da farin fenti. Sannan ya kama faskare, da rana tsaka, a gaban kowa, ya jera itace a jikin bango har ya kai taga.

"Zo ki ga nakasasshe," Vernon ya ce wa Maxine. "Dubi yadda gatari ke tashi."

"Ya rame, ai. Ba ka gani ba?"

"Ramar daɗi. Wa zai yi ƙiba yana hawan rufi?"

"Kai dai hassada ta cinye ka. Ka je ka gaishe shi mana."

"Ya san dabara ya ɓoye min. Ni na ja shi da hannuna daga ƙarƙashin katako a shekarar da rami ya cika da ruwa. Ni!"

A farkon Agusta wasiƙarsa ta zo. Ya buɗe ta. Ba a sa rana ba tukuna, a ci gaba da haƙuri. Ya ɗaga ido, sai ga Dewey can yana tura baro cike da itace, har da fito.

A bayan kowace wasiƙa akwai lambar da ake kira idan an ga mai cutar gwamnati. Ba a tambayar sunan mai kira. Vernon ya jira Maxine ta fita, ya ɗauki waya. Ya ba da suna, ya ba da lambar gida, ya lissafa rufi da shinge da faskare. Minti huɗu aka gama. Bai taɓa samun wani a ofishin nan ya saurare shi da sauri haka ba.

Mako uku bayan haka gatari ya yi shiru. Wata farar mota ta zo aka sauke gado irin na asibiti. Kashegari da hantsi Opal ta ƙwanƙwasa ƙofa, tana goge hannu a jikin riga.

"Yana nemanka."

"Lafiya?"

"Vernon, kai kaɗai ne a kwarin nan ba ka sani ba? Ciwon daji ne, ya ci hanta. Irinsa ba sa sa mutum a layi. Da sun ga sunan ciwon sai su buga hatimi."

A falo aka kafa gadon, kusa da taga. Dewey ya zama ƙashi da fata, idanunsa sun yi ruwan ɗorawa. Amma bakin nan yana nan.

"Ga mai fushi ya zo. Opal, ba shi kujera mai taushi, kada gwamnati ta ce mu muka ƙarasa shi."

"Me ya hana ka faɗa min?"

"Da na faɗa da ka zo kana min kallon gawa. Gara fushinka, ya fi daɗin kallo." Ya yi tari. "Dabarar da kake nema ke nan. Kana so? Mu yi musaya."

Vernon ya sunkuyar da kai.

"Kuma ka ji abin dariya. Ba sa fara biya sai ka cika wata biyar da kwantawa. Ni kuwa wata huɗu likita ya ce ya rage min. Kai aƙalla wata rana za ka ga naka."

Vernon ya buɗe baki zai faɗi maganar waya. Sai ma'aikaciyar jinya ta shigo da jakarta, ta gyara wa Dewey matashi, ta tambaye shi inda ke ciwo, ta rubuta, ta ce maganin zai iso kafin la'asar. Kafin la'asar! Vernon ya tuna wata biyar da ya yi yana jiran a ɗauki hoton bayansa. Hassadar nan ta sake motsawa a ƙirjinsa, a gaban mutumin da ke mutuwa, ya ji kunyar kansa ta rufe shi. Kafin matar ta fita Dewey ya yi barci.

Ya rasu ranar wata Talata a watan Oktoba, Opal na yanka masa tuffa. A makon ne Vernon ya samu tasa wasiƙar: alƙali zai gan shi nan da kwana tara.

Maƙabartar dangin Sizemore tana kan tudu a bayan gidan, mota ba ta hawa. Ranar Juma'a mutane suka cika farfajiya, mata na shiga da kwanonin soyayyar kaza da gurasar masara. Motar gawa ta tsaya a gindin tudu. A bayanta kuma wata mota ruwan toka ta tsaya, wadda ba wanda ya sani. Wani mutum mai ɗaure da lakataye ya fito, jakar takardu a hammata, na'urar ɗaukar hoto a rataye a wuya. Vernon ne a bakin shinge, shi ya tarar.

"Sannu, malam. Nan ne gidan Dewey Sizemore? Daga ofishin kuɗin nakasa nake, an kawo mana ƙara a kansa tun Agusta."

"Ga shi can," in ji Vernon. "A cikin akwati."

Mutumin ya dubi akwatin, ya dubi takardarsa. Bai koma mota ba. Ya jingina da ita yana jiran wanda zai sa masa hannu.

Opal ta taho. "Masu ɗaukar akwati biyar muke da su, Vernon. Dewey ya ce kai ne na shida. Ya ce ka taɓa ɗauko shi sau ɗaya, ka san nauyinsa."

Maxine ta damƙe masa hannun riga. "Kada ka kuskura," ta ce ƙasa-ƙasa. "Kwana shida ya rage. Ba ka ga abin da ke wuyan mutumin nan ba? Wa ma ya kira su?"

Vernon ya zare hannunsa. Ya miƙa mata sandar.

Ya kama hannun akwatin na baya, ɓangaren hagu, inda nauyi ke taruwa idan ana hawa. Taku na farko ya ji ƙarafan bayansa ɗaya bayan ɗaya. Bai waiwaya ya ga ko mutumin ya ɗaga na'urar ba. Busasshen ganye na zamewa a ƙarƙashin takalma, wani a gaba yana cewa a hankali, a hankali.

Da suka sauke a bakin kabari, sauran biyar suka miƙe suka ja da baya. Vernon ya kasa miƙewa. Ya tsaya a duƙe, tafin hannunsa a kan murfin akwatin, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Mai wa'azi ya rufe littafinsa ya dakata, jama'a suka cire huluna, suna zaton addu'a Vernon yake yi, suna jira ya gama.