Aikin Ishawu a Filin Ƙanƙara

Ishawu ya yar da sandarsa ta wasa, ya zare safar hannu, ya cakumi wuyan rigar ɗan wasan da ke gabansa. 'Yan kallo suka miƙe suna dukan gilashin da ya kewaye filin. Mahaifiyarsa Tahiratu kaɗai ce a zaune. Ranar ta fara zuwa kallon wasan hoki na kan ƙanƙara da ɗanta ya maida sana'a tun yana ɗan shekara ashirin.

Alƙalan wasa na tsaye suna kallo, sai da jini ya ɗiga a kan ƙanƙara suka raba su. Ƙungiyarsa na baya da ci biyu lokacin. Aka tashi tana baya da huɗu.

* * *

A jirgin ƙasa na layin D, hanyarsu ta komawa gida a Grand Concourse da la'asar, ta dubi kumburarren idonsa.

"Me yaron nan ya yi maka?"

"Ba komai, Mma. Muna ma gaisawa. Koci ne ya dafa mini kafaɗa. Ya ce in jikin 'yan wasa ya mutu, faɗa ke tayar da shi."

"To yau ya tashi?"

Ya juya yana kallon taga. Ta sake tambayarsa.

"Bara sau nawa ka yi faɗan?"

"Goma sha ɗaya."

"Wasa nawa kuka ci a cikinsu?"

"Huɗu. Ko biyar."

"Su wancan ɓangaren ba su da jikin da zai tashi ne?"

Ya sunkuyar da kai. "Mma, ban kai sauran gudu ba. Don wannan aka ɗauke ni. In na ƙi, gobe wani ne a gurbina."

Shekara goma sha biyar tana jinyar tsofaffi a gidajen mutane. Ta san yadda tsoron rasa aiki yake. 

* * *

Faɗa uku ya ƙara kafin ciwon kai ya kwantar da shi. Haske ya zame masa azaba, aka rufe labulen falo. Likita ya ce ƙwaƙwalwar ta jijjigu sau da yawa, kada ya sake komawa fili. Kafin mako ya zagayo ƙungiyar ta kawo wani ƙato daga wani gari.

Wata Asabar Tahiratu ta dawo aiki ta tarar da shi tsaye a kan darduma, ya daɗe bai motsa ba. Ya juyo a hankali.

"Mma, raka'a nawa na yi?"

Ta ajiye jakarta, ta jawo kujera kusa da shi.

"Sake daga farko," ta ce. "Ni zan ƙirga maka."