Baba Ba Ya Sayen Kwantai

Ku yi mini afuwa. Ban taɓa rubuta labari ba, karanta na wasu kawai na iya, wannan ma sau uku ina yaga shi.

Mahaifina, Baba Dogara, ya shekara talatin yana sayar da albasa a kasuwar Ogbete, can Kudu. Yana da ciwon suga, ga tsufa. Lokacin da sabon nau'in korona ya ɓulla, masu rigakafi suka kafa tebur a bakin layinmu, suka ce ƙarfe biyu za su tashi. Ni dai burina a yi masa allura ta uku kafin su tafi.

Da ƙyar ya zo. Ya zauna a benci, ya sa ni tafinta.

"Bilkisu, tambaye ta yaushe aka haɗa maganin nan."

Nas ɗin, Sista Nkiru, ta ce tun kafin sabon nau'in ya fito.

Baba ya waiwayi maƙwabcinsa mai tattasai. "Ka ji ko, Falalu? Cuta ta bana, magani na bara. Kwantai suka kawo mana."

Na ce, "Baba, na karanta. Allurar ba ta hana kamuwa gaba ɗaya, amma tana rage kwanciya a asibiti sosai."

"Ni ma irin daɗin bakin da nake yi ke nan in albasa ta fara tsiro." Sai ya sassauta murya. "Ce mata ta kawo ta ciki."

A layinmu, kayan da ke kan tebur na ɗan wucewa ne. Mai kyau yana can ƙuryar shago, sai wanda aka sani. Baba bai yarda akwai mahalukin da ke baje mai kyansa a fili ba.

Na fassara, kunya kamar ta kashe ni. Ƙarfe ɗaya da rabi ta wuce.

Sista Nkiru ta daɗe tana kallonsa. Daga baya na ji uwarta busasshen kifi take sayarwa a Onitsha. Ta duba hagu, ta duba dama, ta ce, "Papa, no tell anybody o." Ta tafi bayan motarsu, ta ɓata lokaci, ta dawo da 'yar kwalba a dunƙule cikin hannu.

Baba ya naɗe hannun riga da kansa. Ko gezau bai yi ba.

Falalu ya ce shi ma ta ciki. Kafin ka ce me, layi ya kai wurin masu doya, baiwar Allah tana ta safa da marwa zuwa mota.

Sai Baba ya roƙi kwalbarsa da ta ƙare, ya ɗauki ɗaya daga kan tebur, ya ɗaga su sama.

"Ku matso. 'Yata ta iya Turanci, yanzu za ta karanta muku bambancin."

Ni kuwa na riga na ga rubutun, iri ɗaya ne sak. Akwai mutum tara a layi da ba a yi wa ba tukuna. Yana cikin gyara wa dattawa wurin zama na ja mayafina, na bi bayan wani mai baro, na fice ta ƙofar masu keke.