Duniyar da Aka Yi Rigima a Kanta

Shekara da shekaru Farfesa Orval da Farfesa Lorna ba sa ga-maciji, duk a kan wata duniya da ba wanda ya taɓa gani da ido. Ofishina ne a tsakanin nasu, a sashenmu na nazarin taurari a jami'ar garin Tucson na Amurka, don haka ni na sha wuyar.

Irin wannan duniya ba a hango ta, hasken tauraronta ya shanye ta. Tauraron ake zuba wa ido. In yana ɗan rangaji, ya matso ya ja baya, to akwai duniyar da ke zagaya shi tana jan sa. Orval ne ya auna rangajin, Lorna ta yi lissafin. To wa ya gano ta? Nan fa ake yin ta.

"Nadine, gaya wa maƙwabciyarki," in ji Orval, "mai lissafi bai taɓa gano komai ba, sai dai ya ƙirga na wani."

"Ce wa tsohon nan," Lorna za ta amsa daga ɗakinta, "ko kyanwata aka ajiye gaban na'urar, za ta auna!"

Har tukunyar kofi sai da aka raba musu, kowa da tasa.

Da ritayarsu ta matso, aka ce za a kafa allon tagulla a ƙofa, sunan wanda ya gano duniyar a sama. Kowa ya ja daga. Orval ya ce mini ƙiri-ƙiri ba shi da abin da za a tuna shi da shi sai wannan.

Aka ɗauko tsohuwar ɗalibarsu, Dakta Imelda, ta duba ta raba gardama. Ranar taro, bayan an ci burito, wato nama da wake a naɗe cikin gurasa, ta miƙe tana murza hannu.

"Malamaina, ku gafarce ni. Tauraron ba rangaji yake yi ba. Tabo ne a jikinsa, yana juyawa da shi, shi ya ruɗi na'urar. Babu duniya a wurin."

Wallahi tausayi ya kama ni, har na fara laluben hankici.

Orval ya yi gyaran murya. "Gaskiya ɗaya ce, jama'a. Ni awo kawai na yi. Lorna ce ta gano ta."

"A'a, Farfesa, bar kawaici! Wace ni? Aikinka ne, kowa ya sani."

"Haba Lorna, girmanki ne."

"Ka girme ni, ba zan shiga gabanka ba."

Oh ni! Ban taɓa jin ladabi irin na ranar ba.

Bayan an watse na leƙa ofishin Orval. Yana zaune, hularsa a gwiwa.

"Nadine," ya ce, "in wani ya tambaye ki me na yi a gidan nan, me za ki ce masa?"

Na ja kujera na zauna kusa da shi. Shi kuwa bai matsa mini ba.