Shaidar da Mama Ta Bayar

Mai jinyar Mama tana wanke kofin magani a kicin sai ta ji wayar Mama ta ɗau ƙara a ɗaki. Ta kasa kunne. Asibitin da ta nemi aiki ne. Sun ce ba za su ɗauke ta ba sai sun ji daga bakin wadda take yi wa jinya.

Shekara shida tana kula da tsohuwar nan a gida, ko "sannu" ba ta taɓa samu ba. Likitar Dole, sunan da Mama ta laƙaba mata ke nan. Tun ranar da ta durƙusa ta ce za ta tafi kuwa, gaisuwa ma da ƙyar ake amsa mata.

Da yake kunne ya yi nauyi, a lasifika Mama take amsa waya, har maƙwabta su sha labari.

"Mama, yaya halinta yake?" in ji matar asibitin.

"Kunnen ƙashi!" Mama ta ce. "Na zage ta, na ɓoye ƙwaya a ƙarƙashin harshe, na yi barcin ƙarya, duk a banza. Sai ta ja kujera ta tsare ni da ido har in haɗiye. Gishiri kuwa, na manta ɗanɗanonsa."

Mai jinyar ta dafe kai. Shi ke nan, Mama ta kashe mata kasuwa.

"To in ta dawo, za ki sake ɗaukarta?"

"Allah ya kiyaye! Da sanda zan kore ta."

Saura kaɗan kofin ya suɓuce mata.

"Shekara shida ina kwance, 'yar nan, ko gyambo ɗaya bai fito mini ba. Irin wannan hannu ba na tsohuwa ɗaya ba ne. Na ci rabona har na shiga na wasu. Ku ɗauke ta in kuna da hankali."

Matar ta yi dariya, ta ce a faɗa wa mai jinyar ta zo ran Litinin.

Mai jinyar ta shiga ɗakin da jiƙaƙƙen hannu, daɗi da kunya sun cika ta, ta durƙusa bakin gado.

"Mama, na gode. Allah ya saka da..."

"Wa ya aike ki laɓe?" Mama ta juya fuska bango. "Fita ki ja mini ƙofa."

Ta fita, ta ja ƙofar, amma ba ta rufe ta duka ba. A nan ta tsaya har ta ji shessheƙar tsohuwar ta lafa.