Haka Ne, Mama

Ranar haɗa kimci, wato kabejin da ake tsimawa da gishiri da barkono, a gidan tsohuwa Mal-sun, kabeji ya cika tsakar gida, ran Gyeong-ae kuwa a ɓace tun safe. Ita ce matar babban ɗa. Shekara da shekaru ita ke sammakon wanke kabeji har yatsunta su sandare, amma murmushin tsohuwa na Na-rae ne, matar ƙaramin, wadda ta iso daga Seoul sai da rana ta ɗaga, da sabuwar safar hannu.

"Barkonon bana ba shi da zafi," in ji tsohuwa.

"Haka ne, Mama," in ji Na-rae tana gyaɗa kai.

Can tsohuwa ta sake lasa, ta ce ai ya cika zafi.

"Ai kuwa, Mama, gaskiyarku."

Gyeong-ae ji take kamar ta watsa mata ruwan gishiri. Ita ba ta iya wannan ladabin ba. In gishiri ya yi yawa sai ta faɗa, a yi ta musu, a ƙare da kiran ta mai taurin kai. Abin da ke cin ta shi ne randar ganjang da ke bayan gida, tsohon ruwan waken suyan da ake ƙara wa sabo tun zamanin kakar mijinta. Matar ɗa guda ake bar wa ita, ga shi ƙarfin tsohuwa ya fara ƙarewa. Kishi ya sa Gyeong-ae ta ce a ranta, in dai gyaɗa kai ne, ai ita ma tana da wuya.

Da tsohuwa ta ce a ƙara gishiri, alhali ya ji, Gyeong-ae ta haɗiye maganarta ta ce, "Haka ne, Mama." Tsohuwa ta ɗago ta dube ta. Aka ce a ƙara sukari, ta ce to.

"Yaya, yau lafiya?" Na-rae ta raɗa mata. "Ko zazzaɓi ne?"

Gyeong-ae ta ci gaba da aikinta.

Da aka zauna cin dafaffen nama da sabon kimci, mazajensu suna nan, tsohuwa ta ajiye cokali.

"Randar nan, ina tunanin Na-rae zan bar wa. Ya kika gani, Maman Tae-seok?"

Gyeong-ae tsohuwa take tambaya, da sunan ɗanta take kiran ta. Amsa ta zo mata har maƙogwaro: Na-rae a saman bene take zaune, inda randa ba za ta ga rana ba, kuma ba ta taɓa buɗe murfinta ba. Sai ta yi zaton gwada ladabinta ake yi. Ta sunkuyar da kai.

"Haka ne, Mama. Ya dace."

"To, Mama, na gode," in ji Na-rae, ko jinkiri babu.

Tsohuwa ta daɗe tana kallon babbar surukarta. A gaban 'ya'yanta ta yi maganar, ba ta da hanyar janye ta.

"Wannan, ko ce mata na yi ruwa na ci da wuta, haka ne za ta ce," in ji tsohuwa a hankali tana nuna Na-rae, idonta a kan Gyeong-ae. "Ke kaɗai ke gaya mini in na yi kuskure. Na ɗauka za ki hana ni. Amma tunda ke ma kin ga ya dace, shi ke nan."