Mai Maƙogwaro Ɗaya

"Sake murɗawa, 'yata!" in ji tsoho Bonsu, kansa na cikin bonet.

Afrakoma ta murɗa makulli. Tsohuwar motar katakon ta yi tari, ta yi shiru. A bayanta akwatin gawar mahaifin Afrakoma ne, Agya Frimpong, an lulluɓe shi da zane ja da baƙi. Makanikan layin duk sun rufe rumfuna sun tsaya jugum, kowa da jan ƙyalle a wuya.

Kawu Takyi, babban dangi, ya matso. "Bonsu, rana na yi. Mutanen gida a Mampong na jira tun safe. In wannan gwangwanin ba zai tashi ba, ga motar gawa can na kira, a sauke shi."

Bonsu ya ci gaba da duba injin. Tun suna samari rumfarsa ke jingine da ta Frimpong a Suame, unguwar makanikai, kuma tun lokacin suke musu a kan kafireto, abin da ke haɗa wa inji fetur da iska. Bonsu na goyon bayan mai maƙogwaro biyu ne, wai shi ke ba mota numfashin hawan dutse. Frimpong kuwa mai maƙogwaro ɗaya, wai ba ya shan fetur, ba ya ɓoye ciwonsa.

"Naka mashayi ne, baki biyu gare shi!" Frimpong kan ce, yana gutsurar dokunu, dafaffen ƙullun masara.

"Naka kuma tsohuwa ce mai asma," Bonsu kan rama. "Akuya ma sai ta riga shi hawa tudu."

Makon jiya da Bonsu ya je duba Frimpong, ya tarar da shi kwance a tabarma, ƙirjinsa na kuka kamar inji mai shan iska ta gefe. Frimpong ya kamo gefen zanensa.

"Motata za ta kai ni gida, ka ji? Kuma wallahi in ka sa mata wancan mashayin naka, sai na zo maka a mafarki."

"Kai dai sha kunu, tsohon banza," Bonsu ya ce, ya kau da kai.

Yanzu ga mashayin nan a ƙarƙashin bencinsa, a wanke tsaf, naɗe cikin tsumma. Da zai ɗaura shi, kafin Kawu Takyi ya gama mita motar ta tashi. Har ya taka zuwa bakin rumfa, sai ya tsaya, ya dawo hannu wofi.

Ya cire murfin iska, ya leƙa maƙogwaron. Ɗan faifan da ke toshe iska in inji ya yi sanyi babu shi, tun tuni ya karye. Sai ya tuna yadda Frimpong kan tsaya kowace safiya da hannu ɗaya cikin bonet, yana ƙyafta ido kamar mai sauraron gulma. Shekara da shekaru Bonsu na masa dariya, wai gaisawa yake da matarsa.

Ya ɗora tafin hannunsa a bakin kafireton, ya rufe shi ruf.

"Murɗa!"

Injin ya ja iska, ya tsotse tafin, ya riƙe gam kamar mutum ya kama hannun ɗan'uwansa. Bonsu ya bar shi haka, har fetur ya jiƙa masa fata, sannan ya ɗaga a hankali. Motar ta yi tari, ta girgiza, ta kama. Mata suka ɓarke da kuka.

A hawan dutsen Mampong ta riƙa rarrafe, ƙananan motoci na wuce ta suna oda. Bonsu na zaune a baya kusa da akwatin.

"Ka gani ko?" ya ce ƙasa-ƙasa. "Na faɗa maka. Akuya."

Ba wanda ya rama. Ya buɗe hannunsa a kan gwiwa. Zagayen bakin kafireton na nan a tafin, ja, yana warin fetur. Ya dunƙule shi, ya sa cikin zane.